Ƙera 'Yar Tarakta Mai Tafiya a Gida: Ta Gwangwani da Dalma, ko Ta Ƙarfe da Walda?

A Jos da wuya ka samu namijin da bai taɓa lanƙwasa waya ya yi mota ba yana yaro, ko ya fafe gwangwanin madara ya sa masa tayoyin tsohon silifa. Aikin da nake magana a kai ya ɗara wannan nesa ba kusa ba: a ɗauki tarakta irin ta da, a rage kowane sashe nata da lissafi guda, ta fito tana tafiya gaba da baya, tana karya kwana, tana ɗaga garma tana saukewa. Mai son yin haka a gida da kayan da zai tsinto tsakanin Dilimi da Katako da Farin Gada, hanyoyi biyu ne a gabansa na haƙiƙa. Ko dai ya yi ƙarama, kashi ɗaya cikin goma na ainihin girman, da gwangwani da dalma a kan teburi, ko kuwa ya yi babba, kashi ɗaya cikin huɗu, da ƙarfe da walda da moton waifar mota. Akwai firintar roba mai fitar da abu hawa-hawa da injin fetur da ake yawan kawowa cikin zancen, zan zo kansu, amma a wurinmu ba su kai waɗannan biyun nauyi ba.

Kafin komai sai an san wace tarakta za a kwaikwaya, domin daga gare ta lissafi zai fito. Wadda masu wannan sha'awa suka fi so ita ce Ferguson TE20, 'yar toka-tokar nan da aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, aka fitar da fiye da rabin miliyan. Irinta guda uku ne Edmund Hillary da mutanensa suka kai har tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya a watan Janairu na 1958. Mai ita, Harry Ferguson, shi ya fito da tsarin nan na hannaye uku da ke riƙe garma a bayan tarakta, biyu a ƙasa ɗaya a sama, wanda har yau shi ne a bayan kowace tarakta da ke noman dankali a Bokkos da Mangu. Kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris a 1953, daga baya sunan ya koma Massey Ferguson, kuma a 1964 suka fito da MF 135 mai jan fenti da injin dizal na Perkins mai silinda uku. Girman su biyun bai yi nisa da juna ba. Bambancin da ya shafi maƙeri shi ne bonet: na TE20 zagayayye ne ta gaba da sama, sai an buga shi a kan itacen da aka sassaƙa, na MF 135 kuwa kusan kusurwa-kusurwa ne, lanƙwasa biyu sun gama shi. Wanda ya taso yana ganin taraktocin Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauci, ransa ma ita yake so, babu laifi, sai dai ya nemi inda guda take ajiye ya je da tef ya auna da kansa. Ni da TE20 zan yi lissafi, don awonta sananne ne: tsawo wajen santimita 292, tsakanin gatarin gaba da na baya santimita 178, tsayin tayar baya wajen santimita 120, ta gaba wajen 69, nauyi tan ɗaya da 'yan kai.

Taya ce ke zaɓar maka girma

Kusan duk abin da ke jikin 'yar tarakta kana iya yankawa ka lanƙwasa ka daidaita shi da girman da ka ga dama, ban da taya. Zagayayyen abu mai daidaito ba ya ƙeruwa da almakashi da guduma, kuma tayar da ta karkace ko da milimita biyu ne sai ta sa tarakta ɗingishi. Saboda haka mai hankali yakan fara neman abin da zai zama tayar baya, sannan ya bar shi ya faɗa masa ma'auni.

A ma'aunin 1:10 sa'a ta faɗo. Fayif ɗin roba na inci huɗu, wanda masu aikin famfo ke sa wa bayan gida, faɗinsa milimita 110 ne. Ka yanko zobe mai faɗin santimita biyu da rabi, ka manna masa haƙoran roba masu kaurin milimita biyar da ka yanka daga tsohuwar tabarmar mota, ka tashi da santimita 12 cif, wato tayar TE20 ke nan an raba ta goma. Fayif mai milimita 63 da zoben roba ya ba ka ta gaba. Guntayen da ake zubarwa a wurin gini sun ishe ka. Wahalar tana wajen haƙoran, don ɗaya bayan ɗaya za ka yanka su ka jera su a karkace, kuma a lura da fuskar da suke kallo: idan ka dubi saman taya, tsinin da haƙoran hagu da dama suka haɗu ya kalli gaba. Wanda ya san tarakta, abin da idonsa zai fara sauka a kai ke nan.

A ma'aunin 1:4 tayar baya santimita 30 take so, kuma tayar keken yara mai inci 12 ta zo daidai, har faɗinta ma bai yi nisa da santimita shida da lissafi ya bayar ba. Tayoyin janareto na iya tsayawa a gaba. Illar ita ce sifa: tayar keke tana nan a tayar keke, da wayoyinta da santsinta, sai ka rufe wayoyin da faifan ƙarfe ka ɗora mata haƙora da kusoshi ko gam mai ƙarfi. Wasu kan ɗauki tayar baro, amma ita santimita 40 ce, ta tura ka ma'aunin 1:3, tarakta mai tsawon kusan mita guda da nauyin da ya haura kilo 40. Wannan ta fita daga abin da mutum ɗaya zai ɗaga ya ɗora a kan benci.

Nauyin nan ya cancanci a tsaya a kansa, don yana yaudarar mutane. Idan ka raba tsawo gida goma, ka raba faɗi goma, ka raba tsayi goma, nauyi ya rabu dubu ke nan. Tarakta mai tan ɗaya da ɗoriya ta koma kilo ɗaya da ɗoriya, tsawonta santimita 29, kusan tsawon takardar A4. A 1:4 kuwa gida 64 aka raba, sai ta tashi kilo 17 ko 18, tsawo santimita 73. A ido babbar ta ninka ƙaramar sau biyu da rabi ne kawai, amma a sikeli ta ninka ta fiye da sau 15, kuma kuɗin ƙarfe da ƙarfin moto da girman batir duk sikeli suke bi, ba ido ba.

Juyi 22 a minti

Tarakta in tana huɗa, tafiyarta ba ta wuce ta mutum mai sauri ba, wajen kilomita biyar a awa. Tayar da tsayinta ya kai santimita 120 tana cin mita uku da santimita 77 a kowane juyi, saboda haka juyi 22 take yi a minti. Abin daɗin shi ne wannan adadi ba ya canzawa da ma'auni. Ko 1:10 ka yi ko 1:4, in tayar baya na juyi 22 a minti, ido zai ga tarakta tana noma. In ta yi 200, ido zai ga motar wasan yara da aka sa wa rigar tarakta. Mafi yawan waɗanda nake gani a bidiyon Facebook nan suka faɗi: jiki ya yi kyau, fenti ya hau, ana kunnawa sai ta fizga ta daki bango.

A nan babbar ta fi ƙaramar sauƙi, abin da mutane ba sa zato. Moton waifa yana zuwa da giyarsa a ciki, kan volt 12, yana ba da juyi tsakanin 40 da 60 a minti da ƙarfin da hannu ba ya tsayar da shi. Sarƙar keke da faranti biyu, ƙarami a kan moto, mai ninkin haƙoransa a kan gatari, sun sauko da kai inda kake so. A wurin 'yan gwangwan da masu tsofaffin kayan mota na Dilimi ba ya wuya. Ka tafi da batir ka gwada kafin ka biya, ka saurari ko yana gurnani. Abu biyu ne za a sani game da shi. Na farko, a yawancinsu waya ɗaya a jikin ƙarfen moton take, to in za ka riƙa juya masa wuta don tafiya da baya sai an raba wayar nan da jiki, ko a ɗaura moton a kan katako ko roba yadda ba zai taɓa sauran ƙarfe ba, in ba haka ba wuta ta haɗu. Mai gyaran wayarin mota zai yi maka wannan cikin ɗan lokaci. Na biyu, irin giyarsa ba ta yarda a juya ta daga wajen taya, saboda haka in batir ya mutu ba a tura taraktar, ɗauka ake yi, kuma yaron da ya hau ya tura da ƙarfi zai iya cinye haƙoran giyar.

Ƙaramar kuwa neman moton da ya dace shi ne rabin aikinta. Wanda ake cirowa daga tsohon rediyo ko DVD dubban juyi yake yi a minti kuma ba shi da ƙarfi. Daga 6,000 zuwa 22 sai an rage kusan sau 270, wato hawa uku ko huɗu na giya, kuma haɗa giyoyin da aka tsinto daga firinta daban-daban aiki ne mai cin rai, don haƙoransu ba sa shiga juna. Rawayan moton nan da ɗalibai ke sa wa robot an rage shi sau 48 ne kacal, yana yin wajen 200 a minti, giyarsa kuma roba ce. Rage masa wuta don ya yi sannu yana rage masa ƙarfi, sai ya tsaya a kan ɗan tsakuwa. Abin da ya fi shi ne a yi odar moto mai giyar ƙarfe wanda aka rubuta masa juyi 30 ko ƙasa da haka, irin N20 ko wanda ya ɗan fi shi kauri mai faɗin milimita 25. Ba shi da tsada can, amma ba abin da za ka shiga kasuwa ka tabbata ka samu ba ne, sai an jira saƙo. Wata dabarar ita ce a ɗauki sarbo, wato ɗan moton da ke juyawa zuwa inda aka umarce shi ya tsaya, mai giyar ƙarfe irin MG996R a cire masa abin da ke hana shi zagayawa, ya zama moto mai sannu da ƙarfi.

Batir ma haka ya rabu. Ƙaramar ƙwaya biyu na 18650, irin waɗanda ke cikin tsohon batirin laftof, sun ishe ta: kowace volt 3.7, a jere 7.4. Amma su ba a wasa da su. A sa su cikin mazauninsu maimakon a ɗora musu zafin dalma, kada a bar su kan caji a tafi masallaci, kuma ɗan allon cajin nan TP4056 ƙwaya ɗaya aka yi shi dominta, ba biyu a jere ba. Babbar batirin babur take so, da fis a kan waya, don moton waifa in ya cije yana jan wutar da ta haura amfiya goma. Allon sarrafa moto na L298N da kowa ke fara saye amfiya biyu yake ɗauka, ya dace da ƙaramar, a babbar kuwa hayaƙi zai yi. Ita sai irin BTS7960, ko kuma makunnin hannu mai juya wuta da doguwar waya. Ni ina ganin duk mai farawa, kowace ya zaɓa, ya fara da wayar nan. Rimot da ɗan allon kwamfuta na ESP32 da sarrafawa ta wayar hannu suna nan suna jira, kuma sa su da wuri yana sa in abu ya ƙi tafiya ka rasa ko giya ce ko lambobin kwamfuta.

Kwana

In tarakta ta karya kwana, tayar waje ta fi ta ciki tafiya. A ta gaske akwai difaranshiyal a tsakiyar gatarin baya mai raba musu juyi. In ka haɗe tayoyin biyu a sanda guda, ƙaramar za ta riƙa turjewa tana tura kan gaba ya miƙe ko da ka murɗa sitiyari, babbar kuwa za ta riƙa kankare ƙasa tana wahalar da moto. Mafita mafi arha ita ce taya ɗaya ta ja, ɗayar ta bi a sake. A kan siminti ya wadatar, a kan ƙasa kuwa da garma a baya sai ta riƙa karkata gefe guda. Moto biyu, kowace taya da nata, ya fi, kuma in aka haɗa su a jere kan waya ɗaya suna raba aiki kusan yadda difaranshiyal ke yi. A ƙaramar wannan abu ne mai sauƙi, motoci biyu 'yan ƙanana suna ɓuya cikin gatari. In kuma ka dace da fasasshiyar motar rimot mai kyau a wurin 'yan gwanjo, difaranshiyal ɗinta a shirye yake kuma girmansa ya dace da 1:10. A babbar moton waifa biyu suna cin wuri, suna ɓata sifar baya, inda a TE20 siriri ne. Wasu kan sa firiwil ɗin keke a kowace taya, tayar waje ta wuce abinta a kwana, amma an yi asarar ribas ke nan. Masu ƙwazo kan haɗa nasu da giyoyin kan giranda, sai dai wannan ya kai ka wurin mai injin juya ƙarfe, da kuɗinsa da jiransa. A wannan fanni ƙaramar ce ta yi nasara.

Gaba kuwa hukuncinsu ɗaya. Gatarin gaba dole ya rataya a kan ƙusa guda a tsakiya yana lilo, kamar yadda yake a ta gaske, in ba haka ba duk tudun da ta taka sai tayar baya ɗaya ta tashi sama tana juyi a banza. Hannayen sitiyari kuma a ɗan karkatar da su ciki yadda in ka ja layi daga kowanne zai je tsakiyar gatarin baya, don tayar ciki ta fi ta waje lanƙwasa. Ƙaramin sarbo SG90 na iya juya ƙaramar. Babbar sai mai giyar ƙarfe mai ƙarfi sosai ko moton gilashin ƙofar mota.

Dalma da walda

Garin da aka gina a kan kuza bai kamata a koya masa dalma ba, amma ga abin da ya sa gwangwani ya dace da wannan aiki: ƙarfe ne siriri da aka shafe da ruwan kuza, shi ya sa dalma ke kama shi nan take. Gwangwanin madara da na Milo da na tumatir duk haka suke. Na lemo alminiyom ne, dalma ba ta kama shi. In ka yi shakka ka kara mayen ƙarfe, wanda ya manne shi ne naka. A kankare fentin waje da shafen ciki da sanfefa a inda za a liƙa. Dalmar da ake sayarwa a shagon kayan rediyo tana narkewa ƙasa da digiri 200, amma ɗan ƙarfen gyaran waya mai wat 30 ba zai iya ba, don faranti yana shanye zafi. Ana son mai wat 80 zuwa 100, ko kan jan ƙarfe da ake dumamawa a gawayi irin na masu liƙin bokiti da mazurari, wanda ba ruwansa da ɗauke wuta. In ka yi amfani da ruwan liƙi mai asid, wanke wurin da ruwa da sabulu, in ba haka ba damina ɗaya ta Jos ta isa ta fito maka da tsatsa ta ƙarƙashin fenti. A yi aikin a inda iska ke shiga, a wanke hannu kafin a ci abinci, don akwai gubar darma a cikinta. Bakin gwangwani kuma reza ne.

Daɗin wannan hanya shi ne komai a hannunka yake. Dare ko rana, a ɗaki ɗaya a Gangare ko Anguwan Rogo, teburi da almakashi da filaya da magagari sun isa, in liƙi ya karkace ka sake narkawa ka gyara. Rauninta shi ne gwangwani ba ya ɗaukar nauyi. TE20 ba ta da firam, injin da akwatin giya da gatarin baya ne aka ɗaure da juna suka zama ƙashin bayanta, kuma duk zubi ne mai ƙusoshi da lunguna. A ƙaramar sai ka sa siririn fayif mai kusurwa huɗu ko falle na ƙarfe a ciki ya zama ƙashin baya, ka sassaƙa sifar injin da katako ka lulluɓe. Guntayen malaina daga wurin masu katako a Katako suna da taushin sassaƙa. A tabbata busasshe ne kuma a shafe shi ciki da waje, don katakon da aka yi aiki da shi a Agusta yakan tsage in hunturu ya busa a Disamba.

Walda kuwa, in ba sana'arka ba ce, ta ɗora ka a kan lokacin wani. Za ka je wurin mai walda da guntayen ƙarfe 'yan santimita goma-goma alhali yana da ƙofa da taga na mai biya da yawa, ka ce Oga a taimaka, ya ce ka dawo da yamma. Kuma hannun da ya saba da ƙyauren gida ba ya ganin milimita biyu a matsayin kuskure. Maganin shi ne ka yanka ka huda ka ɗaure komai a kan katako da kanka, ya zama ɗigawa kawai zai yi. Waldar lantarki tana huda faranti siriri, saboda haka bonet da murfin taya, waɗanda jikin tsohon firji ko akwatin kwamfuta ya dace da su, sai dai ribit ko waldar gas ta masu gyaran jikin mota a Farin Gada. A guji ƙona kwanon rufi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Sakamakon wahalar nan shi ne abu mai ƙwari da boris na gaske a kowace taya, wanda zai faɗo daga benci ya tashi, kuma noti da kusoshin kasuwa na milimita biyar da shida ba sa yi masa girma a ido. A ƙaramar ƙusa mai milimita uku tamkar ta santimita uku ce a jikin ta gaske, sai an ɓoye.

Shin za ta yi noma?

Nan ne babbar ta rama. Kana iya rage tarakta sau goma, amma ba ka iya rage ƙwayar ƙasa da saiwar ciyawa. Abin da tarakta ke iya ja a kan ƙasa bai cika wuce rabin nauyinta ba, shi ya sa manoma ke cika tayoyi da ruwa suna rataya ƙarafa. Mai kilo ɗaya 'yan giram ɗari take ja. Huɗar santimita 15 a gona ta koma santimita ɗaya da rabi, kuma ko wannan sai a akwatin yashi mai laushi da aka tankaɗe da rariya, an kuma cika tayoyin baya da yashi ko ƙarfe don su kama. Yashin kogi za a nema, ba tarin turɓayar da wankin kuza ya bari ba, don bincike ya nuna akwai sinadarai masu fitar da tururin radiyeshan a cikinta, ba abin da za a shigo da shi tsakar gida yara su yi wasa ba ne. Mai kilo 18 kuwa tana iya jan kilo da dama, ta kifar da ƙasa mai zurfin santimita huɗu a fangalin lambu da aka riga aka sassauta, ta ja tirela da bulo a ciki. Hannayen ukun nan na Ferguson a ƙaramar sarbo ɗaya ke ɗaga su. A babbar doguwar ƙusa mai zare da moto ke juyawa ta fi, don tana riƙe garma a inda aka tsaya. Wanda burinsa ya ga ƙasa tana kifewa a bayan abin da ya ƙera, ko malamin da zai nuna wa ɗalibai yadda hannayen ukun ke ɗora nauyi a kan tayar baya in garma ta cije, kada ya ɓata lokaci a kan ƙaramar.

Firintar roba mai fitar da abu hawa-hawa tana yin abin da almakashi ba ya yi: sifar injin da lungunanta, ragar gaba, faifan taya. Amma tarakta sukutum a 1:10 awanni ne masu yawa na bugu, kuma ɗauke wuta a tsakiya na iya lalata na rabin yini. Robar PLA da aka fi amfani da ita tana fara laushi a wajen digiri 60. Sanyin Jos ya rufa mata asiri, amma bar ta a mota a rufe da rana a Abuja ka dawo ka tarar da gatari ya lanƙwashe. PETG ta fi jure zafi. In kana da mai firinta a kusa, ba shi sassan ado, ka bar ƙashin baya da gatari da giya a ƙarfe. Injin fetur kuwa lissafinsa yana da jan hankali: na TE20 wajen lita biyu ne, a raba 64 ya ba da cc 30 da 'yan kai, daidai injin yankan ciyawa. Sai dai shi da fankarsa da tankinsa ba sa shiga siririn bonet, yana kururuwa a juyi 7,000 alhali na gasken bai cika wuce 2,000 ba, kuma saukowa daga nan zuwa 22 ragi ne na fiye da sau 300 da kuloci a tsakani. Na tururi ma kada a fara: tukunyar da aka liƙe da dalmar rediyo bam ce.

To wacce? In kana da injin walda ko ɗan'uwa mai shi, kana da tsakar gida da wurin ajiya, kuma noma kake so ka gani, yi 1:4, ka zaɓi MF 135 don bonet ɗinta ya fi sauƙi a faranti mai kauri. In ba ka da waɗannan, ko wannan ne karonka na farko, ko sifa da kyan gani ne suka fi damunka, yi 1:10, kuma ita nake ba yawancin mutane shawara. Kuskure a cikinta gwangwani ɗaya yake ci, duk abin da za ka koya na gatari mai lilo da kwana da ragin giya zai bi ka zuwa babbar in ka tashi, kuma tana ƙarewa, alhali babbar ta fi yawan tsayawa rabi a bayan ɗaki saboda jiran mai walda. Iyaye mata da 'yan mata masu sha'awar ƙere-ƙere ma ita ce ba ta bukatar zaryar gareji.

Kowace ka ɗauka, nemi hoton taraktar da aka ɗauka daga gefe sak, ka kai shagon kwamfuta a buga maka shi yadda tsakanin cibiyar tayar gaba da ta baya zai auna santimita 17.8 in TE20 ce a 1:10. A buga a A3, don A4 za ta yanke hanci. In TE20 ce a 1:4 santimita 44.5 kake nema, sai a ja layukan murabba'i a kwafe a kan kwali. Daga wannan hoto za ka ɗebi kowane awo. Haɗa tayoyi da gatari da moto a kan ƙashin baya tsirara, ka ƙirga juyin taya da agogo, ka sa ta karya kwana hagu da dama a kan ƙasa, sannan ka taɓa bonet. Fenti shi ne ƙarshe: toka ga TE20 daga sama har ƙasa, ja da toka ga MF 135, da jan fentin hana tsatsa a ƙarƙashi. In lokacin hunturu ne a fesa da hantsi bayan sanyi ya saki, a kife kwali a kai har ya bushe saboda ƙura.